Ku Tambaya Mu Amsa: Kallon tsuntsaye da abokai a tsakiyar hunturu

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonnin da suka shigo wannan karon kusan duk a kan abu ɗaya suke, wato fita kallon tsuntsaye da abokai lokacin sanyi a bakin teku da cikin daji a ƙasashen Turai masu sanyi, inaga shigowar hunturun ce ta jawo. Na zaɓi shida, wasu na ɗan rage musu tsawo saboda fili.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ƙawayena ne suka matsa min lamba wai sai mun je bakin teku kallon tsuntsaye cikin watan Janairu, ni kuma a sanina ai tsuntsaye guduwa suke yi idan sanyi ya shigo, toh me zamu je gani banda iska ta yi ta dukan mu a banza? Dan Allah a gaya min gaskiya kafin in ba su amsa. Daga wata ɗaliba.

AMSA: Ƙanwata ki ce musu kina zuwa. Gaskiya ne wasu suna tafiya, irin su tsattsewa masu cafkar ƙwari a sama tun kafin sanyi ya kankama sun yi kudu abinsu, amma abin da mutane ke mantawa shi ne wurin da ke kike ganin sanyinsa ya isheki, wajen wani tsuntsun nan ne wurin shan ɗumi. Akwai masu ƙyanƙyasa can ƙurewar arewacin duniya, Saberiya, Girinlan, Aislan, arewacin Kanada, inda da hunturu ƙasa ke daskarewa kamar dutse, wani wurin ma rana ta daina fitowa gaba ɗaya na tsawon makonni, toh su idan suka sauko gaɓar Ingila ko Holan ko Faransa ai sun iso kudu kenan, sun samu laka mai taushi da zasu caka baki su ciro tana da ƙananan katantanwa. Shi yasa a waɗannan ƙasashen bakin teku mai laka ya fi cika da tsuntsaye a Janairu fiye da Yuni, nesa ba kusa ba.

Bari in baki misali ɗaya da nake ƙauna. Akwai wata dinya mai baƙin wuya da farar fuska da ke haihuwa a tsibiran Svalbard na ƙasar Norwe, duk shekara sai ta taso ta tsallaka teku ta zo ta yi hunturu a mashigin Solway da ke tsakanin Ingila da Sukotlan, kusan dukansu wuri ɗaya, iyaye da 'ya'yan bana tare. A ƙarshen shekarun 1940 saura kamar 300 suka rage saboda harbi da takura, da aka ba su kariya suka hayayyafa har suka kai dubbai goma-goma. Idan garkensu ya taso da asuba daga inda suka kwana zuwa kiwo, kukan nasu kamar haushin ƙananan karnuka ne da yawa a lokaci guda, tun kafin ki gansu kin ji su. Sannan akwai Tekun Wadden da ya ratsa Holan da Jamus da Denmak, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2009, tsuntsaye miliyan 10 zuwa 12 ke bi ta wurin kowace shekara, wasu su wuce wasu su zauna har bazara.

Amma fa ga inda yawancin sababbi ke yin kuskure, su sa lokacin fita yadda ya yi musu daɗi, a haɗu ƙarfe goma kawai. A bakin teku ba agogonki ake bi ba, na ruwa ake bi. Teku na cikowa ya janye kusan sau biyu a kwana ɗaya, tsakanin cika da cika awa 12 da minti 25, kuma kullum lokacin na ƙara gaba da kamar minti 50, saboda haka lokacin da ya yi daidai ranar Asabar ɗin nan ba zai yi daidai Asabar mai zuwa ba. Idan kuka je ruwa ya janye, tsuntsayen suna can nesa kilomita biyu ko uku a kan laka kamar ɗige-ɗigen biro, ba abin da zaku gani. Ku duba jadawalin cikar ruwa na wurin a intanet, ku isa awa biyu kafin ya gama cika, ku samu wuri ku tsaya, ruwan da kansa zai koro muku su. In da hali ku zaɓi kwana ɗaya ko biyu bayan tsayuwar wata ko bayan ya cika goma sha huɗu, lokacin ne ruwa ke kaiwa maƙura.

Na taɓa tsayawa a Snettisham da ke gaɓar Norfolk ta gabashin Ingila a irin wannan safiya, yatsuna sun ƙage duk da safar hannu. Ruwa na tahowa a hankali yana cinye lakar, wasu 'yan tsuntsaye masu ruwan toka da ba su kai tantabara girma ba, Turawa na ce musu knot, daga Girinlan da Kanada suke zuwa, suka yi ta ja da baya suna matsuwa har ƙasa ta daina ganuwa, ka rantse wani bargo ne aka shimfiɗa yana motsi. Da ruwa ya cinye taki na ƙarshe sai suka tashi gaba ɗaya, dubbai, idan suka juya baya su yi duhu kamar hayaƙi idan suka juyo ciki su yi fari fat, suka wuce ta saman kanmu ƙasa-ƙasa har muna jin shuuu na fuka-fukansu. Mu biyar ne a wurin ba wanda ya ce uffan, sai can wani ya ce Allahu Akbar a hankali.

Abu ɗaya kuma, kada ku kuskura ku shiga cikin lakar nan wai zaku matsa kusa. A shimfiɗaɗɗen wuri ruwa na dawowa da gudun da ya fi tafiyar mutum, kuma ta baya yake zagayowa ta cikin kwazazzabai kafin ka ankara. A Fabrairun 2004 sama da mutum 20 'yan ƙasar Sin masu tonon katantanwa suka rasu haka a mashigin Morecambe na Ingila. Ruwa ba sa'an kwando ba ne, ku tsaya kan tudu.

TAMBAYA: Salam Malam. Mu shida muka shiga daji ranar Lahadi, awa uku muna yawo wallahi banda hankaka biyu ba mu ga komai ba, abokan nawa har sun fara cewa ni na ɓata musu rana. Dajin ne babu tsuntsaye ko mu ne ba mu iya ba? Daga wani ma'aikaci.

AMSA: Ɗan'uwa tsuntsayen suna nan, kuma ina kyautata zaton sun ganku sarai. Daji da hunturu ba kamar na bazara ba ne da kowane namiji ke kan reshensa yana rera waƙa yana tsaron yankinsa. Da sanyi ƙananan tsuntsayen daji haɗuwa suke yi ayari guda, iri huɗu ko biyar a cakuɗe, suna yawo tare daga bishiya zuwa bishiya suna tsintar gizo-gizo da ƙwayayen ƙwari a ɓawon itace, saboda idanu da yawa sun fi saurin hango shaho, kowa sai ya samu damar sa kai ƙasa ya ci abinci. Ma'ana dajin zai yi tsit na rabin awa kamar an share shi, sai kawai ka tsinci kanka a tsakiyar tsuntsaye talatin, minti biyar sun wuce, ya sake yin tsit. Duk aikin shi ne ka gamu da ayarin nan.

Toh ta yaya? Da kunne. Mutum shida suna tafe suna hira suna taka busasshen ganye ba zasu ji siririn tsii-tsii ɗin da suke kiran juna da shi ba. Abin da muke yi, mu yi tafiyar minti goma ana hira ba laifi, sai a tsaya cak minti uku ba magana, kowa ya fuskanci wani ɓangare daban. Idan an ji su kada a bi su a guje, a lura da inda suka dosa a sha gabansu a tsaya, su zasu zo su same ku. Ku fi bin bakin daji da inda rana ta fara haskawa da safe da wurin da iska bata bugawa, can cikin duhun tsakiya ba kasafai ake samun komai ba. Kuma ka tuna ranar gajera ce, a Landan ƙarshen Disamba hasken rana bai cika awa 8 ba, wanda ya fito bayan azahar ya riga ya makara.

Akwai ribar da hunturu ke bayarwa wadda bazara bata da ita, ganye ya zube, reshe tsirara, duk abin da ya motsa zaka ganshi. A irin haka na taɓa samun ɗan mitsitsin nan mai zanen rawaya a tsakiyar ka, goldcrest, wanda ya fi kowane tsuntsu ƙanƙanta a Turai, nauyinsa giram 5 zuwa 6 wato kamar fallen takarda ɗaya na A4. Ya zo reshen da ke daidai fuskata, in na miƙa hannu zan taɓa shi, yana reto kai ƙasa yana leƙa ƙarƙashin kowane ɗan ganye, ko kallona bai yi ba saboda bashi da lokacin tsoro, dole ya ci tun safe har magariba in ba haka ba ba zai kai gobe ba. Kuma wai wannan abin ne wasunsu ke tsallako Tekun Arewa daga Sikandinebiya da kaka. Har yau idan na tuna sai jikina ya yi sanyi.

Daga Janairu kuma ka kasa kunne zaka fara jin makwakkwafi yana ganga a busasshen reshe, da magariba mujiya ta amsa. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, in ka riƙe kuka biyar kacal fitarku ta gaba zata bambanta. Manhajar Merlin ta Jami'ar Cornell tana taimakawa, tun 2021 take iya sauraro ta faɗi mai kukan, amma takan yi kuskure, sai ka tabbatar da idonka.

TAMBAYA: Wane irin madubin hangen nesa ya kamata mai farawa ya nema, kuma dole ne kowa a cikinmu ya mallaki nasa?

AMSA: Nemi wanda aka rubuta 8x42 a jikinsa. Takwas ɗin na nufin zai kusanto da abu sau 8, 42 kuma faɗin gilashin gaba ne a milimita, shi ke tara haske, kuma da hunturu da gari ke yini a lumshe hasken nan shi ne komai. Kada babbar lamba ta ruɗe ka, mai 12 ko 16 rawa zai yi ta yi a hannu musamman idan kana karkarwar sanyi. Kowa ya samu ƙaramin ko da aro ne, amma babban mai ƙafa uku na bakin teku guda ɗaya ya ishi mutum biyar, wanda ya saita ya matsa kowa ya leƙa. Tufafi kuma a jera su hawa-hawa, ulu ko roba a ciki banda auduga don tana riƙe gumi ta sanyaya ka, jaket mai tare iska a waje, hula da safa mai kauri, domin mai kallon tsuntsu tsayuwa yake yi ba tafiya ba kuma ta ƙafa sanyi ke shiga. Waya a aljihun ciki, sanyi na zuƙe batir.

TAMBAYA: Malam a raba mu gardama. Muna da aboki mai kyamara, duk inda muka ga garken tsuntsaye a zaune sai ya lallaɓa har sai sun tashi, wai hoton tashin ya fi kyau, kuma yace ai tashi ne aikin tsuntsu, me ya rage su da shi? Na yi masa magana har mun ɗan samu saɓani. Ni ne na cika tsanani? Daga wani mai karatu.

AMSA: Baka cika tsanani ba ɗan'uwa, kai ne da gaskiya, kuma wannan tambayar ta fi duk sauran muhimmanci a wurina shi yasa zan ɗan daɗe a kanta.

Ka gaya wa abokinka tsuntsu da hunturu kamar mai ɗan jari ne da ke cin ribar yau a yau. Abin da ya tara da rana shi yake ƙonawa da dare don jikinsa ya zauna da ɗumi, kuma daren ya kai awa 16. Ƙaramin tsuntsu na iya rasa kusan kashi 10 cikin 100 na nauyinsa a dare ɗaya mai tsananin sanyi, ya wayi gari ya fara daga farko. Dubi irin dabarun da suke yi don kawai su kwana da rai, wasu su jeru a reshe ɗaya a manne da juna kamar an ɗinke su, wani ɗan tsuntsu a Amurka ta Arewa har rage zafin jikinsa yake yi da kusan digiri 10 cikin dare don ya yi tattalin kitse, a Norfolk a 1969 an ƙirga wasu 'yan mitsi-mitsin tsuntsaye masu ɗage wutsiya, Turawa na ce musu wren, sama da 60 sun cusa kansu cikin akwatin sheƙa guda ɗaya. Duk da haka a mugun hunturun 1962 zuwa 1963 a Birtaniya sun mutu ba adadi. Halittar da ke wannan lissafin ce wani zai tasa don hoto.

Na bakin teku kuma nasu ya fi tsanani, don ba su da ikon cin abinci sai ruwa ya janye ya buɗe laka, idan ya ciko dole su taru a ɗan tudun da ya rage su jira, su sa kai cikin fiffike su rage kashe ƙarfi. Wannan zaman da abokinka ke gani kamar zaman banza, shi ne hutun nasu gaba ɗaya. Tashi kuwa shi ne abu mafi tsada da tsuntsu ke yi. Shi yana ganin sau ɗaya ne ya tashe su, bai san kafin ya zo mai kare ya tashe su ba, bayan ya tafi mai gudu zai tashe su, ga shaho da dama can yana nan, a yini a tashe su sau goma ko fiye, kuma ba a wurin zasu faɗi matattu ba balle ya gani, can cikin dare ne ko a hanyar komawa arewa da bazara abin zai nuna.

Ba daga sama nake wannan maganar ba. Farkon fara fitata na taɓa hawa kan ganuwar tare ruwa don in gani da kyau, ban san akwai garke a bayanta ba, kaina na ɓullowa sama suka tashi fuuu, suka yi ta zagaye a kan ruwa suna neman wurin sauka babu, don ko'ina ya cika, na tsaya ina kallonsu sun fi minti goma a sama cikin iska mai yankan fuska. Wani dattijo da ke wurin tun asuba bai yi min faɗa ba, cewa kawai ya yi, yaro, idan zaka leƙa ka sunkuya kada jikinka ya fito a sararin sama. Ban sake ba.

Alamar da zaku riƙe mai sauƙi ce, idan kawunan da ke cikin fiffike suka fara ɗagowa, ko masu kiwo suka daina ci suka miƙe wuya, ko suka fara takawa suna nisantar ku, kun matso da yawa, ku ja baya a hankali. Kare a ɗaure da igiya. Kada a kunna kukan tsuntsu a waya don a jawo shi. Mujiya in an same ta tana barci da rana a kalla daga nesa a wuce, kuma ba kowa ake gaya wa wurin ba. In kuma kun ga matacce ko mara lafiya kada ku taɓa, ku sanar da hukumar wurin, murar tsuntsaye ta hunturun 2021 zuwa 2022 ta kashe kusan kashi ɗaya cikin uku na dinyoyin Solway ɗin nan da na ambata a sama.

Shi kuma abokin naka kada ka kunyata shi a gaban mutane, ka ja shi gefe, ka nuna masa in ya zauna wuri ɗaya ruwa na cikowa zasu tashi da kansu kuma ta kansa zasu bi, hoton ma sai ya fi wanda yake samu na bayan tsuntsu yana gudu.

TAMBAYA: Yarona ne ya tambaye ni na rasa amsa, wai me yasa ƙafar agwagwa bata daskarewa idan ta tsaya a kan ƙanƙara? Daga wata uwa.

AMSA: Hajiya ki gaishe min da yaron nan, tambayar masu ilimi ya yi. A ƙafar tata jijiyar da ke sauko da jini mai ɗumi tana manne da wadda ke mayar da mai sanyi sama, sai mai saukowa ya miƙa wa mai hawa ɗuminsa tun a hanya, jinin da ya isa tafin ƙafa ya riga ya huce saboda haka ba wani zafi da ƙanƙara zata sace, wanda ya koma jiki kuma ya riga ya ɗumama. Ga shi ƙafar kusan duk ƙashi ce da jijiya da fata, naman da ke motsa ta yana can sama cikin gashi. Tsayuwa da ƙafa ɗaya da yake gani ma dabara ce, ɗayar tana ɓoye a ciki tana shan ɗumi.

TAMBAYA: Malam ɗaya daga cikinmu baya rabo da ɗan littafi, komai muka gani sai ya rubuta da adadinsa. Wannan rubutun yana da wani amfani ko wahalar da kai ne?

AMSA: Yana da amfani sosai, ku riƙe shi da kyau. A Amurka a da akwai al'adar fita ranar Kirsimeti a yi gasar wanda ya fi harbo tsuntsaye, sai wani masani Frank Chapman ya kawo shawarar a ƙirga su maimakon a kashe, ranar 25 ga Disamba 1900 mutum 27 suka fita a wurare 25, kuma har yau ƙungiyar Audubon na gudanar da ƙidayar duk shekara daga 14 ga Disamba zuwa 5 ga Janairu. Akwai ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya da ake yi tsakiyar Janairu tun 1967, a Birtaniya kuma ƙungiyar kare tsuntsaye ta RSPB na da tata ta awa ɗaya a ƙarshen Janairu tun 1979. Yawancin masu wannan aiki ba malaman jami'a ba ne, abokai ne irinku da littafi a aljihu, kuma da alƙalumansu ake gane wane iri ke raguwa da wane wuri ya cancanci kariya.

Ku sa abin da kuka gani a eBird, ma'ajiyar bayanan tsuntsaye ta intanet wadda aka buɗe tun 2002, da wurin da lokacin da kuka fara da tsawon zaman. Babban garke kuma ba ɗaya-ɗaya ake ƙirga shi ba, ka ƙirga goma ka ga girman gurbin da suka ci, ka auna ɗari da shi, sannan ka bi garken ɗari-ɗari, ido ba mudu ba amma ya san kima. Kowa ya yi nasa a zuci kafin a faɗa, zaku ga yawanci sabon shiga ƙasa yake faɗi, ya ce 300 alhali sun haura 1,000. Wanda baku gane ba ku rubuta ba a gane ba, kada ku yi masa suna da ka, ranar da baku ga komai ba ma ku rubuta hakan don su masu nazarin suna buƙatarta. Kuma abokin naku mai littafin ya riƙa amfani da fensir, biro na ƙin rubutu a sanyi.